Ƙunshin Hajiya da jirgin Malaga

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, na kusa yin asarar shekara guda cur saboda wani ƙunshi da ban san abin da ke cikinsa ba.

Sifaniyanci nake karantawa a jami'a. Kada ku tambaye ni dalili, don ko mahaifiyata ta gaji da tambaya ta haƙura. A takarda ba ni da na biyu a ajinmu, sai dai idan aka ce in buɗe baki, nan ake yin ta. Harshena ya yi nauyi, kalmomin da na haddace su watse, in tsaya ina murmushi kamar baƙon da ya shiga gidan biki bisa kuskure. A waya kuwa abin ya fi muni.

A shekarar ƙarshe dole kowa ya yi horon aiki, abin da muke ce wa sitaj, a ƙasar da ake jin harshen. In babu shi babu shaidar kammalawa, ni kuma katin zamana a Faransa a kan karatun ya rataya. Na nema har na gaji, kafin wata makarantar koyar da harshe a Malaga, can bakin teku a Sifaniya, ta ɗauke ni in riƙa karɓar sababbin ɗalibai da amsa waya. Ni da waya! Shugabar makarantar mace ce mai magana ɗaya. A hirar da muka yi ta bidiyo ta ce ba ta gamsu da bakina ba, amma za ta gwada ni. Ta ce Litinin da safe ɗalibai ke zuwa, in ba ta gan ni a bakin ƙofa ba, akwai wadda ke jiran gurbin.

Jirgina daga Paris zai tashi ranar Lahadi da rana. Da ma ko ba jirgi sai na bi ta Paris, domin akwai Hajiya a Saint-Denis, can gefen birnin. Aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata a Maraɗi, ita ta tarbe ni ranar da na fara taka Faransa, a falonta na kwana har na samu ɗaki. Mutum ba ya barin ƙasa bai je ya yi wa irinta sallama ba.

Abokina da muke ɗaki ɗaya a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, shi ya raka ni tashar jirgin ƙasa. Ya daɗe a Turai, ya ga abubuwa. Yana miƙo min jakata ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, abu guda zan hwaɗa maka. In an ba ka saƙo, ka ce jakarka ta cika."

Na ce, "Wa zai ba ni saƙo zuwa Malaga?"

Ya ce, "Bahaushe, ko duniyar wata za ka, yana da ɗan'uwa can."

Na yi dariya na shiga jirgi.

Hajiya ta cika ni da abinci, ta yi min addu'a har hannuna ya gaji da ɗagawa. Da safe ina ɗaure takalmi sai ga ta tana jan ƙafa, don gwiwoyinta sun daɗe da hana ta tafiya mai nisa. Ƙunshi ne a hannunta, an naɗe shi da leda, an bi shi da salatif ta ko'ina, ga lambar waya a rubuce a kai.

"Ɗana, ka kai wa yarinyar nan. Suna nan garin da za ka."

Na san wadda take nufi. Hajiya tana da ɗiyar fari da aure ya kai Sifaniya, kuma Hajiya irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunan ɗiyar a bakinta ba, ba ta kuma kawo zancenta a gaban mutane. Maganar abokina ta faɗo min a rai, na ture ta. Ta yaya zan dubi matar da ta ba ni katifa in ce jakata ta cika? Tambayar abin da ke ciki kuwa ko a mafarki. A gidanmu an koya mana ɗan aike ba ya buɗe saƙo, ba ya tambaya, nasa kaiwa. Na ciro riguna biyu na bari a falonta, na cusa ƙunshin cikin 'yar jakar da zan shiga jirgi da ita.

A filin jirgi na ɗora jakar kan na'urar bincike, na wuce na tsaya ina jira. Jakunkunan mutane suna ta fitowa, tawa sai na ga ta kauce ta bi wani layi dabam. Wani ma'aikaci sanye da safar hannu ya ɗaga ta ya ce, "Ta wa ce?"

Ya zuge, ya zaro ƙunshin, ya juya shi a hannu.

"Mene ne a ciki?"

Da na iya ƙarya ko kaɗan, da na ce abinci ne. Amma tarbiyyar Maraɗi ta riga hankalina zuwa baki. Na ce, "Ban sani ba, ba ni aka yi in kai."

Ina rufe baki na ga fuskarsa ta sauya. Baƙar fata, ga ɗan gemu, ga ƙunshin da wani ya ba shi bai san cikinsa ba. Ni kaina da ni ne shi, da na kama ni. Ya yi magana a 'yar rediyon kafaɗarsa, kafin ka ce me ga 'yan sanda biyu, mace da namiji. Suka kai ni wani ƙaramin ɗaki, mutane suna bi na da kallo.

Suka yanka ledar da wuƙa. Wari ya fara fitowa, macen ta ja da baya ta toshe hanci. Ga wasu baƙaƙen dunƙule, ga jan gari a leda, ga wani garin mai toka-toka. Can ƙasa kuma wani abu ƙulle a tsohon ƙyalle, da suka kwance sai ga farin gari da 'yan duwatsu farare. Ni da na gani na gane daddawa da yaji da garin gero da kanwa. Su abin da suka gani dabam ne, musamman farin. Na yi ta lalubar sunan kanwa da Faransanci, ya ɓace min ƙaf. Na ce wani irin gishiri ne, namijin ya ce, "Ɗazu ka ce ba ka sani ba."

Ya ce in kira wadda ta ba ni, in sa kowa ya ji. A lokacin an fara kiran fasinjojin Malaga a lasifika.

Hajiya ta ɗauka. "Salamu alaikum, ɗana. Har kun sauka? Ina gajiya?"

To ku gaya min, wa zai katse wa Hajiya gaisuwa? Ga ɗan sanda tsaye a kaina, gumi yana bin bayana, na ji bakina yana cewa, "Lahiya lau, Hajiya. Ina wuni? Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ka dai ci abincin da na sa maka?"

Ɗan sandan ya buga yatsa a kan agogonsa. Na ce, "Hajiya, ina hannun 'yan sanda. Sun buɗe saƙon. Suna so ki hwaɗi ko mine ne, kuma na mine ne."

Hajiya ta maimaita maganar kamar ba ta ji daidai ba.

"Sun buɗe?"

"Sun buɗe, Hajiya. Jirgi zai tashi ya bar ni."

Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron bango ya ji. "An samu ƙaruwa ne can. Kayan jego ne. Ba ta da kowa da zai dama mata kunu." Ta ƙara da cewa, "In zai ɓata maka tahiya, ɗana, ka bar masu shi. Ba komi."

Sai a lokacin na gane. Ɗiyarta ta haihu a ƙasar da ba uwa ba inna, ita kuma ƙafa ta hana ta zuwa, kunya ta hana ta faɗa. Na kwana a gidanta, mun yi hira har ta ƙare, ba ta ce min ta yi jika ba.

Na fassara wa 'yan sandan. Macen ta ɗan sassauta, amma namijin ya ce shi ba zai bar farin gari ya hau jirgi a kan maganar waya ba. Zaɓi biyu ya ba ni. Ko in bar ƙunshin su zubar, in ruga in samu jirgina, ko in jira ma'aikacin kwastan ya zo ya gwada, kuma bai san yaushe zai iso ba.

Gaba kura, baya sayaki. Na ji an kira sunana a lasifika, an murɗe shi yadda suka saba. Na tuna shekarun da na yi ina haddar kalmomi, na tuna katin zama, na tuna matar nan mai magana ɗaya. Ita Hajiya da bakinta ta ce in bari. Wallahi har na ɗauki jakata na rataya. Sai idona ya faɗa kan ƙyallen da aka ƙulle kanwar, na ga yankin tsohon zanen Hajiya ne, wanda nake ganin ta da shi a kicin. "Ba komi" ɗin da ta ce kuma na san irinsa, mahaifiyata ma haka take cewa idan abu ya fi yi mata ciwo.

Na sauke jakar na ce zan jira.

Ina zaune a ɗakin nan jirgina ya tashi. Da ma'aikacin ya iso bai daɗe ba, ya ɗiga wani ruwa a kan garin, ya duba, ya ce ba komai ba ne. Suka tattara min kayan a wata leda, har da ce min a sauka lafiya. Na fito na zauna a kan benci ina warin daddawa.

Na fara kiran abokina. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ban ce komi ba." Sannan ya ce, "Ka kira matar makarantar yanzu. Kada ka rubuta mata, ka kira."

Abin da na fi tsoro a duniya ke nan, amma na danna. Ta ɗauka, na ce jirgi ya bar ni. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ta riga ta gaya min sharaɗi, za ta kira ɗayar. Na ji tana shirin ajiyewa. Ban san daga inda maganar ta fito ba. Na ce ta dakata. Na ba ta labarin Hajiya da ƙafarta, na gaya mata a wurinmu akwai uwar da ba ta iya kiran sunan ɗiyarta ta fari saboda kunya, sai dai ta aika mata da abin kunu. Na ce an ba ni zaɓi in zubar ko in makara, na zaɓi makara, kuma in ta ba ni amanar ɗalibanta haka zan riƙe su. Ina yi ina kurakurai, na mayar da mace namiji, na mayar da jiya gobe, ban tsaya gyara ko ɗaya ba.

Da na gama ta ce, "Talata da safe. In ka wuce haka kada ka zo."

Motar safa na bi, tafiyar da ba na fatan maƙiyina ya yi, ƙunshin a kan cinyata, maƙwabcina yana ta harara. Talata tun kafin a buɗe makarantar ina bakin ƙofa. Na yi sitaj ɗina har ƙarshe, kuma wayar da nake gudu ita ta zama aikina. Sai ranar da zan tafi shugabar ta gaya min cewa a wayar nan ta fara jin na yi magana ba kamar mai karanta takarda ba.

Amma abin da ya zauna min a rai ba shi ba ne. Ran Talatar da yamma na nemi gidan ɗiyar Hajiya, wani ɗan ɗaki a saman bene kusa da tashar jiragen ruwa. Mijinta ya buɗe min. Ta fito da jaririya a kafaɗa, duk ta rame. Na miƙa mata ledar ina ba da haƙuri cewa an buɗe a hanya. Ba ta ma ji ni ba. Ta zauna a ƙasa ta ciro ƙullin kanwar, ta daɗe tana kallon ƙyallen, sannan ta kai shi hancinta.

Ta ce, "Ta ba ka wata magana ka hwaɗa mini?"

Na so in ƙirƙiro wani abu mai daɗi, na kasa. Na ce, "Ba ta ce komi ba."

Ta gyaɗa kai, hawaye yana sauka a kan ƙyallen. Ta ce, "Ai ta ce."

Har yau abokina yana tsokanata, in ya gabatar da ni sai ya ce ga mutumin da ya sayar da jirgi ya sayi daddawa. Kuma na koyi darasi, yanzu duk mai ba ni saƙo sai ya buɗe a gabana, ko da kakana ne. Na daina jin kunyar wannan. Amma ban daina karɓa ba, kuma ba na jin zan daina. Hajiya ta rasu ba ta taɓa zuwa Malaga ba. Jaririyar nan kuwa sunan Hajiya aka sa mata, yanzu ita ma uwarta ba ta iya kiran sunan.