Mu Ji Ɗaya Ɓangaren

Duk layin babu mai kiran mai gyaran talabijin da sunan da uwarsa ta san shi da shi. Na-Biyu ake ce masa, domin na ɗayan yana cikin akwatin talabijin. Na ɗayan shi ne ɗan wasan nan da ya yi shekaru yana fitowa a matsayin alƙali har sunan ya bi shi: dogo, mai murya kamar ana jan tebur a kan siminti, wanda kafin ya yanke hukunci sai ya yi gyaran murya, ya kwantar da kai gefe, ya ce, "To, mu ji ɗaya ɓangaren."

Tun yana koyon aiki Na-Biyu ya ɗauke muryar nan tsaf. In ya yi ta daga bayan labule, har matarsa takan waiga ta dubi akwatin. Tela da mai walda, maƙwabtansa na dama da hagu, in sun yi rigima a kan wanda ya tare wa wani ƙofa da kaya, wurinsa suke kawo ƙara. Sai ya zauna a kan tsohuwar lasifika, ya yi gyaran murya, ya ci su tara su duka biyun, a watse ana dariya.

Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin benen da yake haya a samansa. Kullum warin dalma, akwatuna jere a kan kanta, wasu a buɗe hanjinsu a waje, hoton Alƙali a bango sama da teburin aiki. Yana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya san shi da ita: ba ya cewa akwati ya mutu sai ya sa masa mitar awon wuta. Ko da mai shi ya rantse tsawa ce ta faɗa masa, sai ya kwance baya, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. "Ni ba na yanke hukunci da ido," yakan ce.

'Ya'yansa biyu ne, ko kuwa a ce biyu ne a da. Babban, namiji, ya faɗi a filin makaranta ana tsakiyar buga ƙwallo, bai tashi ba. Likitar da ta karɓe shi ta ce zuciya ce, ta kuma ƙara da cewa irin wannan wani lokaci yakan bi jini, a kawo ƙanwarsa a duba ta. Na-Biyu ya ce to. Bai kai ta ba.

Abin da ya riƙe shi a watannin nan ba ta'aziyyar dangi ba ce, ba kuma nasihar liman ba, ko da yake ya saurare su duka da ladabi. Wani tsohon kashi ne na wasan Alƙali, inda aka gurfanar da wani uba da ɗansa ya mutu a hannunsa. Alƙali ya sauko daga kujera, ya dafa kafaɗar mutumin, ya ce, "Ba kai ka kashe shi ba, bawan Allah. Lokaci ne." Na-Biyu ya mayar da wurin nan baya a faifan wasan ya fi a ƙirga. Akwai abubuwan da ya sani: yaron yakan tsaya a tsakiyar bene ya riƙe ƙarfe, shi kuma yakan ce masa rago. Amma an yanke hukunci, kuma da muryar da bai taɓa jin ta yi kuskure ba.

Sai wata rana da hantsi, yana gwada akwatuna uku a lokaci guda, fuskar Alƙali ta fito a kan dukkansu. Ba wasa ba ne, hira ce. Ya rame, babu rigar shari'a. An san 'yarsa ta rasu kwanan baya, mai tambaya ya yi masa ta'aziyya, ya ce lokaci ne.

"Kada ka ce mini lokaci," in ji Alƙali. "Ni ma na faɗa wa mutane haka, an biya ni kuɗin faɗa. Yarinyar nan ta daɗe tana cewa ƙirjinta, ni kuwa ina yawo da ita wurin masu addu'a. Da na'urar asibiti aka sa mata tun farko, da tana nan. Tun ranar ban sake ɗaga hannu na roƙi komai ba. Abin da ba a iya aunawa, ni na daina dogara da shi."

Dalma ta ɗiga a yatsan Na-Biyu, bai ji ba sai daga baya.

Kafin azahar maganar ta gama layi. Tela ya leƙo da tsinken allura a baki. "Na-Biyu, ubangidanka fa ya saki hanya. Kai ma za ka bi shi ne, ko sai an kawo kashi na gaba?"

"Bar shi," in ji mai walda. "In na ɗaya ya ƙone, ai na biyu ake sawa. Ranka ya daɗe, sai ka hau kujera."

Na-Biyu bai yi dariya ba. Ya miƙe ya cire hoton daga bango. Kowa ya zaci zai yaga shi, amma sai ya zura shi bayan kanta, fuskarsa na kallon bango.

Daga nan ya zama babu wanda ya kai shi zafi a kan Alƙali. A bakin masallaci, a wurin mai aski, ko mai kawo gyara bai tsira ba. Mutum ya zo karɓar rimot, sai ya tsaya sauraron huɗuba: wai na'ura ce ke ba da rai? Waɗanda suka mutu a kan gadon asibiti da wayoyi a ƙirji fa, ba a auna su ba ne? Mutane suka yi ta yaba masa, suna cewa ashe son da yake wa mutumin bai rufe masa ido ba. Liman ne kawai ya ja shi gefe ya ce, "Neman magani ai ba ya karo da imani, kai ma ka sani. Wannan wutar taka ta fi ƙarfin maganar. Lafiya dai?" Ya ce lafiya lau.

Da aka sanar Alƙali zai zauna a wani shiri da ake buga waya, Na-Biyu ya rufe rabin ƙofar shago, ya yi ta kira har ya samu shiga. Ya shirya maganarsa tsaf. Amma da ya ji an ce, "Muna jinka," sai maƙogwaronsa ya yi abin da ya saba: ya yi gyaran murya, kuma muryar da ta fito ba tasa ba ce. Mai gabatarwa ya fashe da dariya. Alƙali ma ya murmusa, karo na farko.

"Yau ga ni na kira kaina. Faɗi, ɗan'uwana."

"Ka yi saɓo," in ji Na-Biyu, yana ƙoƙarin ƙwato muryarsa. "Kai ka ce lokaci ne. Da bakinka ka faɗa, ka dafa mutumin."

"Rubuta mini aka yi."

"To mu da muka yarda fa?"

"Ban ce kowa ya yarda da wasa ba."

"Allah ne ke rayawa, Shi ke kashewa. Na'urarka ba ta ƙara wa kowa ko numfashi ɗaya."

"Wataƙila," in ji Alƙali, ya jingina. Akwai wani abu a fuskarsa da Na-Biyu bai so ba, irin jin daɗin wanda ya samu abokin faɗa a gaban jama'a. "Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Kana da yara?"

Na-Biyu ya kashe wayar.

Abin ya ci shi. Ba dariyar da aka yi masa ba, a'a, rashin amsar. Don haka ya shiga shiri, ko da za a sake shirin. In rana ta take, layi ya yi shiru, sai ya zauna a gaban akwatin da yake gyara ya yi shari'ar shi kaɗai. Ya kawo hujjarsa da muryarsa, sannan don adalci ya yi gyaran murya, ya ce, "To, mu ji ɗaya ɓangaren," ya amsa da muryar Alƙali. Da fari yana kayar da shi cikin sauƙi. Sannu a hankali Alƙalin bakinsa ya fara taurin kai.

Ran nan matarsa ta sauko da kwanon abincinsa. Mace ce marar yawan magana, wadda tun rasuwar yaron ta roƙe shi sau da dama a kai ƙaramar asibiti, har ta gaji ta koma kallonsa kawai. Ta tsaya a bakin ƙofar baya, shi bai gan ta ba.

"Kwanansa ne ya ƙare," yake cewa, kansa a cikin akwati. "Ko an kai shi, ko ba a kai shi ba."

Gyaran murya. "To me ya sa kake sa wa akwatin mutane mita, ba ka ce kwanansa ne ya ƙare ba?"

"Akwati daban, mutum daban."

"Haka ne. Akwati ya fi tsada."

"Ka ji tsoron Allah!"

"Kai ne ba ka tsoronSa. Na'urar kake tsoro. In aka sa wa yarinyar aka ga wani abu, to da an sa wa yayanta ma da an gani, lokacin da yake tsayawa a bene kana ce masa rago. Gara kada a duba, ka zauna da hukuncinka."

Ƙarar ajiye kwano ta sa ya ɗago.

"Baban yara," ta ce a hankali, "na kalli hirar nan, na kuma ji ranar da ka buga waya. Bai faɗi wannan ba. Bai san muna da bene ba."

Ya ɗauki abin ƙona dalma ya ajiye.

"Wasa nake yi."

"Na sani. Shekara nawa ina jin wasanka." Ta goge hannu a zaninta. "In ka gama da shi, ka fito ka ga Tsuntsuwa. Ta taso daga makaranta."

Tsuntsuwa suke ce wa ƙaramar, don rashin nauyinta da yawan tsalle. Ya fito ta ƙofar baya. Tana tsakiyar bene, jakarta a ƙasa, hannu ɗaya a kan ƙarfe, kafaɗunta na hawa da sauka. Da ta gan shi sai ta yi maza ta saki ƙarfen ta miƙe tsaye.

"Baba, ba gajiya na yi ba. Takalmina nake gyarawa."

Takalmin nata a ɗaure yake lafiya lau. Wato ita ma ta san abin da ba a so a gani a gidan nan.

Washegari bai buɗe shago ba. Tela ya gan su su uku suna tsayar da mota, ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, yau babu zaman kotu?" Na-Biyu ya ɗaga masa hannu kawai. A hanya bakinsa bai daina motsi ba, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanta, yana tofa wa yarinyar a ka har ta ce, "Baba, ka jiƙa mini gashi." A ransa kuwa faɗan bai ƙare ba. Ka gani ko, yake ce wa Alƙali, ga ni zan je, kuma ga hannuna a sama. Kai ne ka zaci dole sai an ajiye ɗaya.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, an ja labule, sanyi kamar cikin firji. Aka kwantar da Tsuntsuwa ta gefe ɗaya, aka shafa mata wani abu mai santsi a ƙirji, ta yi dariya ta ce da sanyi. Likitar, wata mai gilashi da furfura a goshi, ta ɗora kan na'urar. Allo ya kawo.

Rayuwarsa duka a gaban allo ya yi ta, amma bai taɓa ganin wanda ya kasa karantawa kamar wannan ba. Toka-toka, wani abu na buɗewa yana rufewa kamar bakin kifi. Sai ya koma karanta likitar. Ta wuce wani wuri, ta dawo. Ta sake wucewa, ta sake dawowa, ta tsaya. Ya san wannan dawowar. Haka hannunsa ke yi in mita ta nuna masa inda ciwon yake.

"Akwai abu," ta ce daga ƙarshe, ta rage murya. "Ba na yau ba ne. Za mu fara ta da magani, ta bar guje-guje tukuna, kuma za mu riƙa ganinta a kai a kai. Gara da kuka zo."

Matarsa ta sunkuya tana goge wa yarinyar ƙirji, ta daɗe tana gogewa bayan ya bushe.

Maƙogwaron Na-Biyu ya motsa zai yi gyaran murya. Ya haɗiye. Muryar da ta fito siririya ce, shi kansa ya kwana biyu bai ji ta ba.

"Likita, tana da wa. Ya rasu. Da an kawo shi kamar haka, da…"

Ta cire gilashin ta dube shi.

"Ban sani ba," ta ce. "Ban gan shi a kan allon nan ba. Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba."

Ya jira ko za ta dafa kafaɗarsa. Ba ta dafa ba, ta juya tana rubuta magani.

Da suka dawo gida Tsuntsuwa ta nufi bene da gudu kamar kullum. Ya riƙo ta, ya durƙusa, ya ce ta hau bayansa. Ta ce ita ba jaririya ba ce, tela zai yi mata dariya. Ya ce tela ya yi ta yi. Ta hau, ta zagaye wuyansa da hannu.

"Baba, yi mini Alƙali."

Ya fara hawa. Ta bayan rigarsa yana jin bugun ƙirjinta, sauri-sauri.

"Ba yau ba," ya ce.