Taƙin Mijinyawa a Kan Taswira

Mijinyawa mutum ne da zama bai karɓe shi ba. Ko a masallaci, da liman ya sallame za ka ga gwiwarsa ta fara rawa. A wani ƙauye gab da dajin Yankari aka haife shi, ya yi shekara goma sha ɗaya yana bin sawun namun daji saboda baƙi masu zuwa kallo. Kashin giwa kawai zai duba ya gaya maka da asuba ta wuce ko da hantsi. Sai ga shi a shekarar 1984 ya baro dajin, ya zo Riyad tuƙin mota a gidan wani attajiri, Abu Nasir, wanda shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar.

Kwalta kuwa ba ta ajiye sawu. Daga ɗakinsa na unguwar Ulaisha zuwa makarantar yara, daga can zuwa kasuwa, a dawo, a koma, ido na neman abin karantawa a ƙasa bai samu ba. Amma ba wannan ke cin sa ba. Ya baro matarsa Sailuba da tsohon ciki, ta haifi mace aka sa mata Sabuwa, yarinya har ta iya magana uban bai taɓa ɗaukarta ba. Fasfonsa na kulle a teburin Abu Nasir, kuma duk ranar da ya nemi hutu amsar ɗaya ce: "Bukra, in sha Allah." Goben nan shekara uku ana jiranta.

Wata rana Abu Nasir ya shigo mota da takardar talla mai hotuna. Ƙasar Kenya ce: farin rairayi a bakin teku da itatuwan kwakwa, fili iya ganinka cike da jakin dawa da raƙumin dawa, ga giwaye, can bayansu wani dutse mai ƙanƙara a ka.

"Ya Mijinyawa, wannan ba wajenku ba ne?"

"Afirka ce, ya ammi," in ji Mijinyawa.

"Halas, shi ke nan! Da kai za mu. Idan mun gama kallo, ka leƙa gida kwana biyu ka dawo."

Ka ji masana ƙasa! Maigida ya ɗauka Afirka unguwa ce, direba kuma bai taɓa tsayawa gaban taswira ba, daji ya sani da tafin ƙafarsa. Ranar ko abinci bai iya ci ba don murna. Ya ɗauko rikoda ya cika kaset, ya ce wa Sailuba ta share ɗaki, bayan Babbar Salla yana tafe. Ya ba wani mai komawa Bauchi ya kai mata.

Sai da kaset ya yi mako biyu da tafiya aka aike shi unguwar Batha karɓo tikiti. Mai sayar da tikitin wani Bazazzagi ne, Salmanu. Mijinyawa ya tambaye shi wace tasha ake hawa motar Bauchi a Nairobi.

Salmanu ya cire tabarau ya dube shi. "Malam Mijinyawa, zo nan. Ɗora babban yatsanka a Riyad, ka kai na tsakiya Nairobi."

Ya ɗora a taswirar bango. Taƙi ɗaya cif.

"To, yanzu daga Nairobi zuwa Bauchi."

Ya buɗe hannu har yatsun suka yi zafi, bai kai ba. Ya sake gwadawa da hagu, kamar laifin hannun ne. Tsakanin Nairobi da gida ga Uganda, ga kurmin Zaire, ga Kamaru.

"Jirgi fa?"

"Bizar fita da dawowar da aka buga maka ta kwana goma ce, kuma fasfo a jakar maigida zai zauna. Kana ganin zai sake ka?"

Bai sake shi ba. Da aka gaya wa Abu Nasir nisan, dariya ya yi ya ce to sai wani karon. Aka tafi Kenya. Kai, daji ya ga ɗansa! Tun kafin direban can ya ankara, Mijinyawa ya nuna inda zaki ya ja nama cikin ciyawa, ya ce a kashe mota garken ɓauna na zuwa, suka kuwa zo. A Mombasa yara na wasa da ruwa, shi ya juya wa tekun baya yana kallon yamma.

A jirgin dawowa Abu Nasir ya dafa kafaɗarsa. "Wallahi irinka ba a rabuwa da shi. Na sabunta maka iƙama, takardar zamanka, shekara biyu." Fasfo ya koma tebur.

Bayan 'yan makonni amsar Sailuba ta iso wajen Salmanu. Da azahar ya faka mota a inuwa ya sa kaset ɗin. Ta ce ta yi wa ɗaki sabon daɓe, ta yanka zakara ran farko da ta sa ran zuwansa, ta yanka wani ran na uku, sai ta daina. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Can sai wata 'yar murya ta matso kusa da rikoda.

"Baba, ina bakin hanya. Wace mota ce taka?"

Mijinyawa ya mayar da kaset baya ya sake ji. Gwiwarsa ta daina rawa.