Rigar Tukunyar Kawu Idi

Duk wanda ya san Kawu Idi ya san ba ya shiga gidan ɗan'uwa ya zauna kai tsaye. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmi, kafin a shimfiɗa masa darduma ya riga ya kai kicin. Sai ya zaro zare daga aljihun jallabiyarsa, ya zagaye ƙugun tukunya ya ƙulla, ya auna tsayinta ya sake ƙullawa. Sannan ya girgiza kai.

"Allah sarki! Tsirara kuka bar ta."

Bayan kwana uku za ka ga ya dawo da riga. Riga sosai, mai gindi da jiki da hular murfi, har da 'yar tsaga inda mariƙi zai leƙo. A Makka fa, garin da ruwan famfo ke ƙona hannu da azahar! A nan Kawu Idi ya ƙare rayuwarsa yana ɗinka wa tukwane rigar sanyi.

Ni Sani ne, ɗan ƙanwarsa Hajara, direban tasi a unguwar Shisha. Karatuna bai yi nisa ba, sai ku yi haƙuri da rubutun. Ban zauna rubuta wannan don na fi kowa saninsa ba. Na zauna ne don na taɓa yi masa wata ƙarya, kuma ya bar mini saƙo zuwa gare ku wanda kunya ta hana ni isarwa har aka binne shi. Zan zo kansa. Ku bar ni na ɗan yi dariya tukuna, ko na sami ƙarfin gwiwa.

Da can ɗinkin kujerun mota yake yi. Da ya ajiye aiki sai hannun ya ƙi ajiyewa. Ɗakinsa a unguwar Ka'akiyya ya cika da soso, da tsofaffin tawul na harami da alhazai ke bari, da wannan abu mai ƙyalli da muke shimfiɗa wa gilashin mota saboda rana. Shi ne sirrin aikin. Ƙyallin ya kalli tukunya, tawul a tsakiya, yadi a waje. Ka tafasa shinkafa sau ɗaya, ka sauke, ka sa mata riga, ita da kanta za ta ƙarasa nuna. Har 'yan aljifai yake ɗinkawa, daidai leda ɗaya ta busasshen dambu. Ka zuba tafasasshen ruwa a ledar, ka cusa ta a aljihun, ka ninke baki, ka je ka yi raka'a huɗu ka dawo.

Wata rana na je gaishe shi, na bar motata a ƙofar gida. Na sha shayi, na yi hira da matarsa Inna Zulai, na fito. Sitiyari ya yi zafi kamar kaskon gasa burodin tamis. Na duba, mayafin gilashina yana nan, amma da ƙaton rami zagayayye a tsakiyarsa, rana tana shigowa ta ciki abinta.

"Kawu! Wa ya yi mini wannan aiki?"

"Gindi kawai na ɗauka," in ji shi, bai ko ɗago daga ɗinkin ba. "Na bar maka sauran."

"Haba Kawu, sabo ne fa!"

"Ai shi ya sa. Kai ɗan Hajara, motar nan taka tana cin tuwo?"

"A'a."

"To, kalas, magana ta ƙare."

Wata shekara kuma ya yi niyyar aikin Hajji, ya shirya 'yar tukunyarsa ta kunu da zai tafi da ita har Muzdalifa, don ya sha da ɗumi bayan sallar asuba. Sai wasiwasi ya kama shi. Ya ja ni muka je wurin malamin unguwarsu, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, fuskar nan ba alamar wasa.

"Allah gafarta malam, ga shi duk maza za su tuɓe ɗinkakkun kaya. Ita kuma rigarta ɗinkakkiya ce, har da hula. Ya halatta na shiga da ita haka?"

Malam ya dubi tukunya, ya dubi Kawu, ya shafa gemu.

"Malam Idi, ita ma ta yi niyya ne?"

"Ba ta faɗa mini ba."

"To a bar ta da rigarta."

A hanyar komawa Kawu ya ce mini, "Ka ga amfanin tambaya? Da kai ne da ka tuɓe ta a banza."

Amma in kuna son sanin ainihin Kawu Idi, sai bayan la'asar, lokacin da yake fito da kujera ƙofar gida ya zuba wa duwatsu ido. Akwai wata jakar goyo da ya rataye a bayan ƙofa, da tukunya a ciki da cokali da aljifan dambu, a shirye kullum kamar gobe zai tashi. Bai taɓa zuwa ko'ina da ita ba. Mahaifinsa, wato kakana, a ƙafa ya taho daga ƙasar Haɗeja, shekara da shekaru yana hanya. Kawu a nan Makka aka haife shi, bai ga ko taki ɗaya na hanyar ba, amma yana ba da labarinta kamar shi ya bi ta. Ya faɗi yadda sahara ke yin sanyi da safe, da yadda tsohon ya ce ba ƙaya ko ƙishirwa ya fi tunawa ba, sai yini guda da mutum zai yi yana tafiya bai sa abu mai ɗumi a cikinsa ba. Muryar Kawu takan yi ƙasa in ya zo nan. Sai ya ce wata rana zai dafa abinci da safe, ya goya, ya hau dutsen Hada na hanyar Ɗa'ifa, inda girgije ke saukowa ya taɓa mutum a fuska. Ya zauna a ciki ya buɗe tukunya, tururinta ya haɗu da girgijen, a rasa wane ne wane.

"Awa shida nake nema, Sani," yakan ce. "In riga ta riƙe zafi awa shida, matafiyi ya huta."

To ga laifina.

Wata Juma'a ya ɗinka sabuwar riga mai ruɓi huɗu. Ya dafa shinkafa da ƙarfe bakwai na safe, ya tufatar da tukunyar, ya ɗora ta a kan kantar kicin, ya ce kada wanda ya taɓa sai ƙarfe ɗaya. Ya tafi Masallacin Harami. Ni a masallacin unguwa na yi sallah, na riga shi dawowa. Inna Zulai tana maƙwabta. Na sa hannu ƙarƙashin rigar, na ji shinkafa ta huce, ɗan ɗumi ne kawai ya rage. Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuma na saurara. Na tuɓe ta, na ɗora a wuta har ta ɗauki zafi, na mayar mata da rigarta, na zauna kamar mutumin kirki. Niyyata in ya gama murna na fashe da dariya na gaya masa.

Ya shigo yana haki, ya dubi agogo, ya yi bismilla ya ɗaga murfi. Tururi ya turnuƙe har ya rufe masa tabarau. Ina jira ya yi ihu, amma bai yi ba. Ya cire tabarau ɗin a hankali, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Baba, ka gani?"

Sai na kasa yin dariyar. Na ce gobe zan faɗa masa. Goben ta zama shekara biyu.

Kun san sauran, don ku ya yi wa shelar. Ba gidan suna ko na biki da bai faɗi awa shida ba. Ya faɗa wa mai ful, dafaffen waken nan da muke karya kumallo da shi, ya faɗa wa likitan da ke duba masa suga. Abin da ba ku sani ba shi ne, ya yi ta sake gwajin shi kaɗai, abu ya ƙi. Ya farke rigar ya sake ɗinkewa. Ya canza soso, ya canza zare, ya zargi mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da hura wa tukunya sanyi har ya hana kunna shi, Inna Zulai ta kwashe kwana goma tana fifita da murfin kwali.

"Idi, ni ma ka ɗinka mini rigar da za ta riƙe sanyi mana," ta ce masa.

"Kawo zare na auna ki," in ji shi.

Ina ganin duk wannan, ina shan shayinsu, ina cewa, "Allah Ya sa a dace, Kawu." Astagfirullah.

Da na ga ƙafarsa ta fara nauyi, sai na ce ko ba komai na kai shi dutsen nan. Ya dafa shinkafarsa da sassafe, ya tufatar da ita, ya saɓa jakar da ta shekara goma a bayan ƙofa. A mota ma bai yarda ya sauke ta ba, ya zauna a karkace har muka hau. Na tsaya a gefen hanya, muka taka kamar taki ɗari, ya ce, "Yawwa, yanzu mun zama matafiya." Muka zauna a kan wani falalen dutse muna jiran agogo. Birai suna can nesa suna kallonmu kamar sun san da maganar.

Sai ga girgijen. Wallahi ya zo, kamar yadda ya yi ta faɗa. Ya taho daga kwari a hankali, ya shafe hanya, ya shafe motata, ya bar ni da Kawu da tukunya kawai a duniya. Sanyinsa yana taɓa fuska kamar jiƙaƙƙen yadi. Kawu ya rufe ido ya daɗe. Da awa shida ta cika ya buɗe murfi.

Ba tururi. Ko kaɗan.

Ya sa yatsa a shinkafar, ya cire. Ya juya tafin hannunsa yana kallo.

"Hannun ne ya tsufa, Sani. Sau ɗaya Allah Ya ba ni, na kasa riƙewa."

Nan na kasa daurewa. Na durƙusa a kan dutsen na faɗa masa komai, da wutar, da dariyar da na shirya, da shirun shekara biyu.

"Ka tuɓe mata rigar kafin ka ɗora a wuta?"

"Na tuɓe, Kawu."

"To, da sauran hankalinka." Ya dubi rigar tukunyar. "Kai ka mayar mata?"

"Ni ne."

"Shi ya sa na tarar da tsagar mariƙi ta koma hagu! Shekara biyu ina kallon Zulai da abin nan a raina, baiwar Allah!" Sai ya ɗaga hannuwansa biyu cikin girgijen. "Wato waɗannan lafiyarsu ƙalau?"

"Ƙalau, Kawu."

"Ja'iri. Ɗauki cokali, kai za ka cinye ta tas."

Na cinye shinkafa mai sanyi tukunya guda ina hawaye, shi kuwa ya tafasa ruwa a ɗan rishon da muka taho da shi, ya yi dambunsa a aljihu, ya ci da zafinsa yana kallona. Tururin dambun ya tashi ya shige girgije. Ya bi shi da ido har ya ɓace.

Muna saukowa ya dafa kafaɗata.

"Na yafe maka, ɗan Hajara. Amma da aiki a gabanka. Duk wanda na gaya wa awa shida, ka bi shi ka ce masa uku da rabi ne. Iyakar abin da na taɓa samu da hannuna ke nan. Ni ƙafata ba za ta iya zagayen ba, kuma ba na so na tsaya gaban Ubangijina da awa biyu da rabi da ba nawa ba."

Na ce to. Na je wurin Inna Zulai na nemi gafara, ta jefe ni da murfin kwali. Daga nan kunya ta riƙe ni. Sau nawa ina tsayawa gaban mai ful, na buɗe baki, sai na ce ya ƙara mini mai. Kawu yakan tambaye ni, "An kai ina?" na ce, "Ana kai, Kawu." Wata huɗu bayan hawanmu dutse ya kwanta, kwana shida ya tafi.

To jama'ar Ka'akiyya da Shisha, da duk wanda ke da tukunya mai riga a kicin ɗinsa, ga saƙon Kawu Idi: awa uku da rabi ne. Nasa ne, halal, da allurarsa ya samo su. Sauran ƙaryata ce, ku ɗora mini ita, ku kuma yafe mini jinkirin.

Ya Allah, ga bawanKa Idi ya iso gare Ka ba da abin kowa ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da mahaifinsa a inda tafiya ta ƙare. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun mai jin ta yana da rai. Amin.