Takobin Garba Barde da Shanun Huɗa

A Gwandu aka haifi Garba, a gidan da tun kaka da kakanni ba su da sana'a sai yaƙi. Ko da ya yi wayo yaƙin ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya gada shi ne sunan Barde da takobi guda mai kuben jar fata. Da gida ya yi musu kaɗan, sai ya ɗauki matarsa Delu suka koma wani ƙauye kusa da Diggi a ƙasar Kalgo, ya kama noma. Shekaru ya yi yana ƙwadago kafin ya mallaki shanun huɗa biyu.

Mutum ne mai son rediyo. A nan ya taɓa jin labarin samurai, mayaƙan Japan na da, waɗanda su ma gadon yaƙi suke yi, iyayen gidansu na ciyar da su da shinkafa, kuma sun fi tsoron kunya a kan mutuwa. Daga baya hukuma ta hana su rataya takobi, wasunsu suka koma gona.

"Ashe ba mu kaɗai muka faɗo ba," in ji shi ga Delu.

Bana, ana saura kaɗan a fara huɗa, ɓarayi suka kore shanun daga fadama da rana tsaka. Garba ya bi gidajen maƙwabta yana roƙon a taya shi bin sawu. Kowa ya ce mutanen nan bindigogi gare su. Ya dawo gida, ya zaro takobin daga bayan gado.

Delu ta riƙe masa riga. "Malam, don Allah! Mi takobi za ya yi wa bindiga? In ka mutu wa za ya riƙa mu?"

"In ban huɗa ba bana, mi za mu ci?" Ya fizge rigarsa ya fita.

Bayan la'asar ya cim ma ɓarayin a bakin daji, samari ne a kan babura, ga garken sata a gefe. Ya hango nasa a ciki. Ya kai hannu ga takobin, sai ya ga bakin bindiga na kallon ƙirjinsa, hannun ya ƙi motsi. Garba Barde ya durƙusa a ƙasa.

"Ku dubi Allah. Su ke nan gare ni."

Babbansu ya yi dariya. "Baba, kawo takobin nan, ya yi mini kyau. Ka ɗauki wancan san mai ɗingishi."

Garba ya miƙa masa takobin da hannu biyu. Ya koro sa guda zuwa gida, yana tafe yana share ido da hannun riga.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Ya nemi aro bai samu ba, kowa na ta tasa gonar, ruwa kuma na ta zuba. Da safe ya ɗaura wa san karkiya, ya sa kafaɗarsa a ɗaya gefen, Delu ta riƙe garmar. Kunya uku suka yi ya faɗi, kafaɗar na jini.

"Malam, ka bari haka nan," in ji Delu.

Ya dubi sauran gonar har can gindin ƙirya, ya tofar da ƙasar bakinsa, ya ce ta ɗaga masa karkiyar.