A Nuna Mini Ta Ƙarshen Aji

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na kai autata Argungu neman makaranta. Shekaru sun ja, amma har yau in na rufe ido ina ganin ajin nan.

Ni 'yar Zauro ce, aure ya kawo ni Birnin Kebbi, sana'ata sarin shinkafa. Autar tawa yarinya ce mai kai. Labarin da ta ji sau ɗaya sai ta maido maka shi har da tarin mai ba da labarin. Amma a ɗora mata littafi a gaba, sai ta daskare. Ta ce haruffa ba sa tsayawa, musanya wuri suke yi. Likitan ido ya ce ido lafiya lau. Maƙwabta suka dage aljanu ne. Daga baya wata malama da ta karanci irin wannan ta gwada ta, ta ce sunan abin disleksiya, ba daƙiƙanci ba ne, koyarwa ta daban kawai take buƙata.

Sai dai kafin mu san sunan an riga an yi ɓarna. A firamarensu, ranar ba da hutu akan tara yara a fili a kira sakamako daga na ɗaya har na ƙarshe, na ƙarshen a yi masa ihu. Autata ta sha ihun nan har ta daina ɗaga kai. Da ta gama aji shida, ta same ni ina awo, ta ce, "Inna, ni na gama boko. Kai ni Zauro wurin Kaka. In anka ƙara yi min ihu, ban iya ɗauka." Ban ga wasa a idonta ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Na roƙe ta dama guda ɗaya, na yi mata alkawarin in wannan ba ta yi ba, ba zan sake tilasta mata ba.

Makarantun kuɗi kuwa ga su nan birjik, kowace da dogon ƙyaure da hotunan zakarunta a bango. Na rasa ta zaɓa. Sai na koma wa abin da na saba. Mu a kasuwa ba a yarda da shinkafar bakin buhu, don nan ake zuba mai kyau. Hannu ake cusawa har gindi a damƙo. Don haka duk makarantar da muka shiga, bayan an gama nuna mana ɗakin kwamfuta da motar ɗaukar yara, sai in ce a nuna mini wanda ya zo na ƙarshe.

A ta farko, shugaban ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, mu ba mu aje irinsu. Shawara muka ba iyaye su canza musu wuri." Na yi masa godiya, don bai ɓoye mini ba. A ta biyu aka kira mini wani yaro daga kujerar baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon takalminsa. Auta ta matse hannuna, na san an gama.

Yayata da ke aure a Argungu ce ta ce mu zo mu ga wata ƙaramar makaranta a unguwarsu. Ban so ba. Argungu tana nufin yarinyar ta bar ɗakina ta zauna wajen yayata, ni kuwa ko Zauro ban taɓa barin ta ta kwana ba ni ba. Na je ne dai don kada a ce ban je ba.

Ginin ba abin a zo a gani ba ne, fentin ma ya kwaile. Na yi wa shugabar tambayata cikin gajiya. Ta ɗan dube ni, ta dubi Auta, ta ce, "Nan ba mu kiran na ƙarshe a fili, amma na san wadda kika nuhi. Ku taho, ku tsaya bakin taga."

Yarinyar tana kujerar gaba, siririya, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin da take bi. Malamin ya tambayi wa zai karanta, ita ce ta fara ɗaga hannu. Ta fara, ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta tsaya. Na kasa kunne ina jiran dariya. Ajin ya yi tsit, ana jiran ta. Ta koma baya, ta sassaro kalmar gaɓa-gaɓa har ta fito, ta wuce abinta. Da ta kai ƙarshe malamin ya tambayi ma'anar labarin, ta ja musu da shi, kanta a sama, har da kaɗa yatsa.

Sai na ji an ja mini hijabi. "Inna," in ji Auta a hankali, "ba su yi mata dariya ba." Ta sake faɗa, kamar ba ta yarda da kunnenta ba. Da aka tashi tara, yarinyar ta fito ta iske mu, ta dubi Auta ta ce, "Halan ke ma haruffa na yi miki tsalle? Taho in gwada miki rulata." Auta ta saki hannuna ta bi ta, ko waige ba ta yi ba.

Ranar da na kai ta da akwatinta, na daure har na shiga mota. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kuka nake yi, wata tsohuwa da ke gefena tana ta yi mini ta'aziyya, ni kuwa na kasa gaya mata ba mutuwa aka yi ba.

Auta ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, kuma har gobe a hankali take karatu. Amma ta gama, ta wuce gaba, yau ita ke karanta mini saƙonnin masu sayen shinkafa, in na katse ta ta ce, "Inna, jira ni, ina zuwa." Ni kuwa sai in jira. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan: in za ka ba wa makaranta ɗanka, kada ka tsaya a hotunan bango. Nemi yaron da ya zo na ƙarshe, ka duba ko kansa a ɗage yake.