Kabarin Verlene Ya Hau Tudu

Kawu Ozell Pettway shi ne mai haƙa kabari a garinmu Tallow, a bakin kogin Mississippi. Duk garin, shi kaɗai ne kasuwarsa ba ta mutu ba. Tun da injin tsinkar auduga ya shigo gona, mutane suka watse zuwa Chicago da Detroit, aka rufe shaguna, jiragen ruwa suka daina tsayawa. Amma kowa ya mutu a can, nan ake kawo shi. Na taɓa ce masa, "Kawu, kai kaɗai ke ƙara mana yawan jama'a." Ya ce, "Kai ma ka tafi, ɗan banza. Ina nan ina jiran ka da shebur."

Maƙabartu biyu gare mu tun zamanin bauta: ta fararen fata a kan tudu, tamu ta baƙaƙen fata a gangare, dab da ruwa. A gangaren matarsa Verlene take kwance. Kogi kuwa kowace ambaliya sai ya ɗan gutsiri gaɓa. Bara ya kusa taɓa layinta.

Fararen ma sun ƙaura, sai 'yan tsofaffi. Cocinsu ya cire shinge, ya ce mu hawo da mamatanmu. Kowa ya kai nasa, da hannun Kawu Ozell. Matarsa kaɗai ya bari.

Inna Dovie, yayar marigayiyar, ta same shi a baranda yana cin soyayyiyar tarwaɗa.

"Ozell, kifi kake jira ya ci ƙanwata kamar yadda kake cin sa?"

"Yaya Dovie, Verlene ta ƙare rayuwarta tana yi wa mutanen tudun nan wanki da guga. Da bakinta ta ce kada in kwantar da ita kusa da su, kada su tashe ta neman riga."

"To bar ta, ta je ta yi wa kogi wanki. Tsohon kawai!"

Ya gama kifinsa, ya ɗauki shebur, ya hau tudu.

A wurinmu ƙafafun mamaci gabas suke duba, don ranar tashi ya miƙe yana fuskantar fitowar rana. Kawu Ozell ya ƙi filin da aka ware mana a bayan fararen. Ya wuce can ƙarshen gabas, inda ƙasa duk tsakuwa ce da saiwa, ba mai so. Ya nemi izini, tsofaffin coci suka ce ya ɗauka. A nan ya haƙa, ya bar gurbin mutum ɗaya a gefe.

Ranar da aka hawo da ita, Inna Dovie ta dubi wurin ta taɓe baki.

"Duk faɗin tudun nan, sai cikin duwatsu?"

Ya share gumi. "Yaya, ranar tashi ita ce a sahun gaba. Ƙeyarta kawai za su gani. In sun kira ta, ba sai ta waiwaya ba."