Cinyar Saniyar Gbenda

Tun da aka fara kafa majalisun dokoki a ƙasar nan, ba a taɓa yin mai tsabta kamar wadda ta zauna a jiharmu a ƙarshen shekarar 1983 ba. Ba ta tsige kowa ba, ba ta ƙara wa talaka haraji ba, ba a taɓa jifa da kujera a zaurenta ba, kuma babu wakili ko ɗaya da ya gina bene da dukiyar jama'a. A watan Oktoba aka rantsar da ita. Ranar ƙarshe ta Disamba sojoji suka karɓi mulki, suka sa wa ƙofarta kwaɗo.

Lokacin ina ƙaramin magatakarda a cikinta, don haka na san mutanenta. Malaman makaranta su suka fi yawa, domin a zamanin duk wanda ya iya Turanci a ƙauye alli ne a hannunsa. Sai 'yan kwangila, waɗanda su kaɗai suka san abin da ya kawo su. Akwai lauyoyi kaɗan, da tsohon ɗan sanda, da wani likitan dabbobi da aka ba shugabancin kwamitin lafiyar jama'a. Mace babu. Jam'iyya mai rinjaye ta cika kujerun dama har ta malalo hagu, 'yan adawa kuwa mota ɗaya ke kwashe su in za su cin abinci. A layin baya, kusa da taga, nan Gbenda Akaaer yake zama, wakilin mazaɓarmu kuma ɗan garinmu.

Gbenda hedimasta ne a makarantar mishan kafin siyasa ta same shi. Siriri ne, ba ya shan burkutu, kuma yana da wata cuta da ba ta da magani: ba ya iya barin aikin yau ya kwana. In ka ara masa fartanya da safe, da yamma za ka gan ta a ƙofarka a wanke. Bai taɓa neman kujera ba. Kujerar ce ta zo, saboda layi ya zo kan danginsu.

Mu Tibi muna da ƙa'idar da muke alfahari da ita, ya na angbian, wato ci ka ba ɗan'uwanka. Iyayenmu sukan ce ko gyare ɗaya 'yan'uwa suka kama, sai an raba shi kowa ya sami ƙafa. Da siyasa ta zo, kujerar majalisa ta zama gyaren. Mazaɓarmu dangi uku ne daga kaka ɗaya: Mbakum, Mbador da Mbayil. A 1979 Mbakum suka ci, don su ne manya. A 1983 layi ya zo kan Mbador, suka duba cikinsu suka ga babu wanda zai iya karanta takardar gwamnati ba tare da gumi ba sai Gbenda. Doka ta ce ma'aikaci ba ya takara, sai ya ajiye aikinsa. Ya ajiye. Burinsa ɗaya ne, a yi gada a kan rafin da ke raba ƙauyukan ƙetare da makaranta duk damina. An sa ranar sauraron ƙudurinsa a watan Janairu.

Akwai wata al'ada da ta tsiro a gefen ƙa'idar. Wanda ya sami kujera yakan yanka saniyar godiya, ya aika wa sauran dangin biyu cinya ɗaya ɗaya. Babu wanda ya taɓa yanke lokacin yin ta. Wakilin Mbakum sai a shekararsa ta huɗu ya yi tasa, kuma da saniyar da in an bar ta kwana biyu za ta mutu da kanta. Gbenda kuwa da aka tafi hutun Kirsimeti, ya sayar da babur ɗinsa, ya tafi kara ya zaɓo bijimi.

Matarsa Mbakeren tana daka sakwara ta ga ana jawo shi cikin gida. Ta jingine taɓarya.

"Baban Sesugh, wannan baƙon na waye?"

"Na Mbakum da Mbayil ne. Jibi za a yanka."

"Jibi? Kujerar ma ba ta ɗauki ɗumin jikinka ba tukuna. Wancan na Mbakum shekara nawa ya yi kafin ya tuna?"

"Shi ya sa har yau ake zaginsa a kasuwa."

"Ana zaginsa yana wucewa a mota. Kai ana yabonka za ka koma tafiya a ƙasa. Ina babur ɗin?"

"Godiya ba ta kwana, Mbakeren."

"Doya ma ana bari ta nuna kafin a tona. Amma ni wa? Ni ban yi makaranta ba." Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka, da ƙarfin da doyar ba ta buƙata.

Aka yanka bijimi washegarin Kirsimeti. Aka naɗe cinyoyin a ganyen ayaba, samari suka kai su da waƙa. Dattawan dangin biyu suka ci suka sa albarka, suka ce ba a taɓa yin wakili mai kunya irin wannan ba. Ba a yi mako ba rediyo ya fara kiɗan soja.

Gbenda ya koma ofishin ilimi neman aikinsa, aka ce an riga an ba wani, kuma sabuwar gwamnati ba ta son ganin 'yan siyasa kusa da yara. Ya dawo gida ya dasa lemo. Sunan Onarabul ne kaɗai abin da sojoji suka bar masa, kuma mutanen garinmu ba su bari ya lalace ba. "Onarabul, nawa kwandon?" "Onarabul, akuyarka ta shiga gonata." Shi kuwa ya riƙe abu ɗaya a ransa: sauran wa'adinsa yana nan ajiye, duk ranar da siyasa ta dawo zai koma ya ƙarasa.

Ta dawo a 1991. Aka kira taron dangi uku a rumfar Baba Ugese, wanda ya fi kowa shekaru a ƙasar, ɗan Mbakum. Na halarta. Gbenda ya zo cikin zanensa mai ratsin baƙi da fari, ya tsaya kamar yana gaban aji.

"Iyayena," ya ce, "wa'adi shekara huɗu ne. Mbakum sun yi huɗu cif. Mu wata uku muka yi, a ciki ma har da hutu. Mbador ba su ci ba. Sun dai wanke hannu, aka ɗauke akushin."

Mutane suka yi gunaguni na yarda. Har wasu 'yan Mbayil sun sunkuyar da kai, don maganar gaskiya ce.

Baba Ugese ya daɗe yana cusa taba a lofe. Sannan ya ce, "Ɗana, mu ba mu yi makaranta ba, ba mu iya ƙirga wata ba. Abin da ya shiga baki shi muke tunawa. Ka aiko mana da cinya ko ba ka aiko ba?"

"Na aiko, Baba."

"Mbayil fa?"

Wani dattijo daga can gefe ya ce, "Ta iso. Mai kitse. Har yau ban sake cin irinta ba."

Aka yi dariya. Gbenda bai yi ba.

"To," in ji Baba Ugese, "me kakanni suka ce? Ci ka ba ɗan'uwanka. Ci ne a gaba, bayarwa a baya. Kai ka bayar, duk mun shaida. Wanda bai ci ba, me zai bayar?"

"Baba, babur ɗina na sayar. Ko albashin kirki ban karɓa ba."

"Wannan tsakaninka da babur ɗinka ne. Ka taɓa ganin mai yunwa ya yi rabon nama?"

"Sojoji ne suka…"

"Sojan ɗan wane dangi ne? Kawo shi nan mu tambaye shi. Mu uku ne a rumfar nan, ɗana, kuma a cikinmu babu wanda ya ƙwace maka komai."

Mbakeren tana can bayan rumfa tare da mata. Mace ba ta magana a irin wannan taro, don haka ba da taron ta yi ba, da maƙwabciyarta ta yi, da muryar da ake ji har bakin hanya: "Ashe da guba muka sa a cinyar da yanzu muna da kujera." Dattawa suka yi kamar iska ce ta wuce. Aka yanke cewa Mbador sun ci, layi ya wuce kan Mbayil.

Wakilin Mbayil ɗan kwangila ne. Ya shiga majalisa a farkon 1992, kafin ya cika shekara biyu sojoji suka sake rufe ta. Da siyasa ta kuma dawowa a 1999, sai ya zo rumfar nan, Baba Ugese ya riga ya rasu amma hukuncinsa yana raye, ɗan kwangilar ya tambayi dattawa ko akwai wanda ya taɓa ganin ko da ƙashin saniyarsa. Babu. Bai yanka ba. Wanda bai bayar ba kuwa bai ci ba. Aka mayar masa da kujerar, ya zauna shekara takwas, ya yanka saniya ana saura kaɗan ya sauka. Tun daga nan ba a sake samun wakilin da ya yi gaggawar godiya a ƙasarmu ba. Ta wannan fuskar ana iya cewa Gbenda bai daina koyarwa ba.

Bayan Mbayil, Mbakum suka yi tasu takwas ɗin. Layi bai komo kan Mbador ba sai 2015. Gbenda ya haura saba'in, ido ɗaya ya tafi, ya san ba shi za a ba ba. Amma ɗansa Sesugh ya zama lauya, kuma tsohon ya ga cewa in gidansa ya ƙarasa wa'adin, to shi ne ya ƙarasa. Wannan karon ba sai an je rumfar kowa ba, magana ce ta cikin gida. Ya dogara sanda ya je wurin dattawan Mbador, waɗanda yawancinsu shi ya koya musu karatu.

Babbansu ya tarbe shi da ladabi, ya ba shi kujera mai jingina. "Baba Onarabul, ai ba sai ka taso ba, da ka aiko mun zo."

"Na zo ne kan maganar Sesugh. Kun san yadda aka yi da ni."

"Mun sani, Baba, zalunci ne tsantsa. Mun faɗa a lokacin. Sai dai ka san Mbador gida huɗu ne. Kuma dangi uku sun zauna sun ce Mbador sun ci a 1983. To in mun ci, a bakin wa muka ci?"

Babban nasu ya amsa wa kansa.

"Gidan Akaaer sun ci, Baba. Saura gida uku. Kai ka koya mana rabawa a aji huɗu."

Ya miƙe, bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Da ya isa gida Mbakeren ta dube shi, ba ta tambayi komai ba, ta ce, "Zauna, miya ta kusa." Ya rasu bayan shekara biyu, a lokacin ɗibar lemo.

Jana'izarsa ta yi jama'a. Wakili mai ci ya zo da jerin motoci, sai da suka zagaya ta babbar hanya saboda rafin ya kawo. Ya karɓi lasifika ya ce marigayi zaki ne a majalisa ta 1983, muryarsa tana girgiza zaure, in ya miƙe har 'yan adawa sukan yi tsit. Jama'a suka tafa.

Ina cikin zauren nan kowane zama na wata ukun. Sau ɗaya Gbenda Akaaer ya yi magana. Shugaban masu rinjaye ya kawo shawarar a tafi hutun Kirsimeti, kakakin majalisa ya tambaya ko akwai mai goyon baya, shi kuma ya miƙe ya ce ya goya.